Teku a cikin akwati: jiragen ruwan telebijin da jiragen ruwan kakanni

A kan babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Damagaram, gabas kaɗan da Tasawa, akwai wani gari da ake kira Maijirgi. Baƙon da ya ji wannan suna tun daga nesa zai iya zaton in ya iso zai tarar da kogi, da mashigar jirgi, da masunta suna shanya koma a bakin gaɓa. To amma in ya sauka daga mota, babu abin da zai gani sai rairayi da gawo da gonakin hatsi. Gulbin Kaba ma, wanda ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi, gulbi ne a suna kawai: goriba da kaba ne suka cika shi, ruwansa kuwa sai an tona. Ɗan wannan yanki da ke son ganin kwalekwale da idonsa sai ya tafi tafkin Madarunfa. In kuwa teku yake nufi, to tsakaninsa da shi kusan kilomita 1000 ne a miƙe.

Duk da haka, wani lokaci mutum yakan ratsa ta wata fadar samari ko teburin mai shayi a Tasawa ko Mayahi ko Kanambakashe bayan sallar lisha, ya tarar an yi tsit ana kallon teku. Ba ƙwallo ake ba, ba kuma wasan kwaikwayo ba. Irin finafinan bayani ne da tashoshin ƙasashen waje kan nuna, waɗanda ake ɗauko abu yadda yake a nuna shi, wani kuma yana bayani daga baya. A cikin akwatin ga wani farin jirgin ruwa mai tsawon unguwa guda, bene bisa bene, fitilu ko'ina, mutane kwance a kan dogayen kujeru suna shan iska. Yaro ya saki baki, dattijo ya girgiza kai. Abin tambaya a nan shi ne: me ake nuna wa jama'a, me ke jan hankalinsu, me kuma aka bari ba a nuna ba?

YADDA TEKU YA SHIGO GARI

Nijar ba baƙuwar telebijin ba ce. Tun cikin 1964 aka fara telebijin na makaranta, inda ake koyar da yara ta akwati a waɗansu azuzuwa na kewayen Yamai. A 1979 aka buɗe Télé Sahel domin jama'a baki ɗaya. Da yake wutar lantarki ba ta kai karkara ba a wancan lokaci, sai hukuma ta riƙa kafa akwatunan kallo na gayya a dandalin garuruwa, da yawansu da hasken rana suke aiki. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ta haifi Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya kuma shafe shekaru yana jagorancin ofishin binciken ƙarfin hasken rana na ƙasa. Ga mutanen karkara da yawa, a irin waɗannan akwatuna ne suka fara ganin igiyar ruwa tana dukan gaɓa.

Daga baya faifan kama tashoshi na tauraron ɗan Adam ya yawaita a kan rufin gidaje, sannan wayar hannu ta zo ta saka teku cikin aljihun kowa. Daga cikin shirye-shiryen da suka fi daɗewa suna nuna rayuwar teku akwai Thalassa, wanda Georges Pernoud ya ƙirƙiro a telebijin na Faransa a 1975, ya riƙe shi har 2017, tashar TV5 kuma ta kai shi gidajen Afirka. Bayan wannan akwai finafinai barkatai a kan yadda ake ƙera manyan jirage, da yadda ake ciyar da dubban fasinja a rana guda, da labarin jiragen da suka nutse.

ABIN DA AKE NUNAWA

Galibin waɗannan finafinai labari guda suke bayarwa, kuma labarin gaskiya ne. Kafin jirgin sama ya yi ƙarfi, duk mai son ƙetare tekun Atlantika daga Turai zuwa Amurka dole ya shiga jirgin ruwa. Ƙasashe suka shiga gasar wa zai ƙera mafi girma da mafi sauri. Ingila ta yi Titanic, wanda ya ci karo da dutsen ƙanƙara a tafiyarsa ta farko cikin Afrilu 1912, mutum wajen 1500 suka halaka. Faransa ta yi Normandie a 1935, sannan ta yi France, mai tsawon mita 316, wanda ya fara jigila tsakanin Le Havre da New York a 1962, yana cin hanyar cikin kwana 5.

Sai dai France ya zo a makare. Tun daga 1958, shekarar da jirgin sama samfurin Boeing 707 ya fara ƙetare Atlantika, masu bin sama suka fi masu bin ruwa yawa, domin tafiyar kwana 5 ta koma ta awoyi ƙalilan. Da farashin man fetur ya tashi a 1973, gwamnatin Faransa ta janye tallafin da take ba jirgin, a 1974 aka ɗaure shi. A 1979 wani kamfanin Norway ya saye shi, ya sake masa suna, ya mai da shi jirgin yawon shaƙatawa a tsibiran Karibiyan. A nan ne sana'ar ta juya. A da ana shiga jirgi domin a isa wani wuri. Yanzu jirgin kansa ne wurin da aka nufa.

Wannan sabuwar sana'a ta bunƙasa ƙwarai. A 2023 masu yawon shaƙatawa a teku sun haura miliyan 30 a duniya, wato sun fi mutanen Nijar duka yawa. Jirgin da ake kira Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa mita 365 ne, yana iya ɗaukar fasinja 7600 ban da ma'aikata fiye da 2000. Jimillarsu ta fi jama'ar ƙauyuka da yawa na ƙasar Mayahi. Akwai gidajen abinci a ciki, da kantuna, da asibiti, da wuraren iyo, da dandalin wasanni. Cikin manyan jiragen da aka ƙera domin jigilar Atlantika irin ta da, Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004, shi ne aka fi sani a wannan zamani.

ME KE JAN HANKALI

Ba a rasa dalilin da ya sa mutumin tudu ke son wannan kallo. Na farko dai ruwa ne. Wanda ya tashi yana ganin mata da dabbobi suna jan guga daga rijiya mai gaba da yawa tun asuba, in ya ga ruwa iyakar ganin ido, har an ɗebi wani an zuba a kan bene domin wasa, dole abin ya tsaya masa a rai. Na biyu, sauƙin tafiya. Matafiyin wannan yanki ya san ƙura, ya san zaman jiran mota ta cika a tasha, ya san faci da shinge da kwana a hanya. A cikin akwatin kuwa ana nuna masa tafiyar da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan: mutum ya ajiye kayansa a ɗaki guda, ya kwanta, gari ya waye a wata ƙasa. Na uku, tsari da tsabta. Kowane abu da lokacinsa, kowane ma'aikaci da aikinsa, kuma babu mai ƙin ganin aiki yana tafiya daidai.

Amma akwai abin da ke ɗaure wa dattawa kai. A wurin Bahaushe tafiya da dalilinta. Ana tafiya fatauci, ana tafiya cin rani, ana tafiya neman ilmi, ana tafiya zumunci, ana tafiya sauke farali. Wanda ya dawo daga tafiya akan tambaye shi abin da ya samo. To ga mutanen da suka biya kuɗi masu yawa, suka shiga jirgi a wata tasha, suka yi mako guda suna kewaya, suka dawo tashar da suka tashi, ba su sari haja ba, ba su gai da dangi ba. Matashi yana ganin wannan shi ne ƙarshen jin daɗi. Dattijo yana ganin aikin wanda ya rasa abin yi ne. Kowannensu yana da hujja, domin hutu ba laifi ba ne ga wanda ya yi aiki ya samu, tafiya kuma mabuɗin ilmi ce ko da ta yawon buɗe ido ce. Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne a ɗauka cewa labarin jirgin ruwa na waɗansu ne can, mutanen tudu kuwa nasu kallo. Ba haka abin yake ba. Kakannin masu kallon nan sun shiga waɗannan jirage, sai dai ba a benen da kyamara ke nunawa suka zauna ba.

HAWA NA ƘASA

Garin Maijirgi kansa shaida ne cewa abin da ya taso daga teku yakan iso tudu. Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, waɗanda rundunarsu ta ƙona garuruwa ta kashe bayin Allah masu yawa a ƙasar Hausa a 1899, ta jirgin ruwa suka baro Faransa suka sauka Senegal, daga nan suka nausa gabas. A Maijirgi tafiyarsu ta ƙare a tsakiyar watan Yuli na wannan shekara, lokacin da sojojinsu suka juya musu baki suka harbe su.

Bayan mulkin mallaka ya kafu, sai hanyar ta juya. Aka riƙa ɗibar samari daga garuruwa ana kai su soja, Faransawa suna kiransu sojan Senegal ko da kuwa daga Gobir ko Katsina ko Damagaram suka fito. An kai su yaƙin duniya na farko da na biyu, an kai su Madagaska, da Indoshin tsakanin 1946 da 1954, da Aljeriya daga 1954 zuwa 1962. Duk ta ruwa aka bi da su. Jiragen fasinja na wancan zamani hawa-hawa ne kamar yadda mulkin yake: manyan jami'ai a sama, ƙananan ma'aikata a tsakiya, soja da talaka a ƙasa kusa da kaya da zafin inji, ko a fili ƙarƙashin tamfol.

Shiga jirgin ma wani aiki ne. Kafin a buɗe tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965, babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓa saboda ƙarfin igiyar ruwa. Wata doguwar gadar ƙarfe ce aka shimfiɗa cikin teku. Sai a sa fasinja cikin wani abu mai kama da kwando, injin ɗaga kaya ya ɗauke su ya sauke cikin ƙaramin jirgi, masu tuƙi su kai su gindin babban, a sake ɗaga su sama. Hausawa sun ce ruwa ba sa'an kwando ba ne, amma ga shi a kwando aka fara gabatar da ɗan tudu ga teku.

Kowa ya ji labarin Titanic, amma kaɗan ne suka ji na jirgin da ake kira Afrique, na kamfanin Chargeurs Réunis. Ya tashi daga Bordo cikin Janairu 1920 zai nufi Dakar da sauran tashoshin Afirka ta Yamma, ɗauke da mutum 602. A cikinsu akwai sojojin Afirka 192 da suka tsira daga yaƙin duniya na farko suna komawa gida. Hadari ya rutsa da jirgin bai yi nisa da gaɓar Faransa ba, ya nutse, mutum 34 kaɗai suka fita. Wani jirgin kuma, Circassia, shi ya sauke tsofaffin fursunonin yaƙi ƴan Afirka a Dakar cikin Nuwamba 1944. Ranar 1 ga Disamba aka buɗe musu wuta a barikin Thiaroye saboda sun nemi haƙƙinsu.

Labarin jirgin Pasteur ya isa fim shi kaɗai. An gama shi a 1939 domin ya riƙa kai masu hali Amurka ta Kudu, yaƙi ya hana. Sai ya zama jirgin jigilar soja, kuma bayan yaƙi shi ne ya yi ta kai dubban sojoji Indoshin, har da ƴan Afirka, daga Marsai ta mashigin Suwez zuwa Saigon. A 1957 aka sayar wa Jamusawa, daga baya ya zama jirgin yawon shaƙatawa, a ƙarshe aka ɗaure shi a Jidda ya zama masaukin leburori, ya nutse a tekun Indiya a 1980 ana jansa zuwa inda za a farfasa shi. Jirgi ɗaya ya ɗauki soja, ya ɗauki mai hutu, ya ɗauki ɗan cin rani.

Ɗalibai da ma'aikata da wakilan majalisa su ma sun bi ruwa. Jean Mermoz, wanda ya fara jigila tsakanin Marsai da gaɓar Afirka ta Yamma a 1957, an mai da shi jirgin shaƙatawa a 1970, bayan jiragen sama, har da na kamfanin Air Afrique da aka kafa a 1961, sun ɗauke masa fasinja. Aureol, wanda ya haɗa Ingila da Ikko tun 1951, ya daina a 1974. Ancerville, wanda Janar de Gaulle ya ƙaddamar a 1962 domin hanyar Marsai zuwa Dakar, an sayar wa Sin a 1973. Daga 1983 aka ɗaure shi a gaɓar Shenzhen, aka yi ta cike teku da ƙasa har jirgin ya wayi gari a tsakiyar birni, gine-gine sun kewaye shi. Ashe jirgi a kan tudu ba a Maijirgi kaɗai yake ba.

HANYAR GABAS

Akwai kuma waɗanda suka shiga jirgin ruwa da son ransu, cikin ɗoki da addu'a: alhazan da. Kafin jirgin sama ya zama hanyar kowa, maniyyaci daga Tasawa ko Mayahi yakan sallami iyali sallamar da ba a san ranar dawowa ba. Wani a ƙafa, wani a kan jaki, daga baya a bayan manyan motoci. A bi ta Kano ko Damagaram, a faɗa Barno, a ƙetare zuwa birnin da ake kira Fort-Lamy a da, wato Njamena, a wuce Abeshe, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, har a kai El Obeid inda layin dogo ya iso tun 1912. Guzuri yakan ƙare a hanya, sai a tsaya a yi noma ko a tsinci auduga a gonakin Jazira, shekara ɗaya ko biyu ko goma. Waɗansu ba su wuce nan ba. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya zama zango kuma gida ga dubban mutanen yamma.

Wanda Allah ya nufa ya kai gaɓa, a Sawakin ake tsare shi a yi masa allura a duba lafiyarsa, sannan ya shiga jirgi ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda, tafiyar da ba ta fi ta kwana ɗaya ko biyu ba. Wanda ba shi da takardu ko kuɗin babban jirgi yakan shiga ƙananan jiragen katako masu tafiya da iska, cikin dare, da duk hatsarin da ke ciki. A waɗannan jirage babu kujerar shan iska, babu kiɗa. Akwai cunkoso da jiri da amai da talbiyya. Amma da za a tambayi wanda ya yi wannan tafiya, da wuya ya yarda cewa akwai jirgin shaƙatawar da ya kai nasa daɗi a ranar da ya hango gaɓar Hijaz.

GYAƊA TA RIGA MAI ITA

Ko wanda bai taɓa barin garinsu ba yana da rabo a cikin jirgin ruwa. A zamanin da gyaɗa ke kan gaba cikin abin da Nijar ke sayarwa waje, buhunan da aka auna a kasuwannin Tasawa da Maraɗi sukan bi ta Kano, inda jirgin ƙasa ya iso a 1911, su gangara Ikko. Daga 1953 aka buɗe wata hanya ta Gaya zuwa Faraku, daga nan jirgin ƙasa ya ja su kilomita 438 zuwa Kwatano. Kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 shi ya riƙe wannan ciniki bayan samun mulkin kai. Manomin bai ga teku ba, amma guminsa ya gani.

Haka abin yake ta fuskar shigowa. Shinkafa da sukari da taki da ƙarfen gini da babura, mafi yawansu sai sun kwana a jirgin ruwa kafin su iso kasuwar Tasawa. A 2023, da aka rufe iyakar Gaya, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kowace uwargida ta ji abin a farashin tiya. Ƙasar da ba ta da gaɓa ta fi kowa bukatar sanin yadda teku ke aiki, domin abin da ya faru a tashar jirgi yakan iso tukunya.

ABIN DA KYAMARA KE KAUCE WA

Ya kamata mai kallo ya sani cewa da yawa daga finafinan jiragen shaƙatawa da izinin masu jirgin ake ɗaukarsu, wanda ya ba ka masauki kuwa ba ka faɗin aibin ɗakinsa. Shi ya sa kyamara ta fi daɗewa a sama. A ƙasa akwai dubban ma'aikata, galibinsu daga Filifin da Indonesiya da Indiya, masu wanki da girki da shara, suna aikin awoyi masu yawa kullum har watanni ba su ga iyalinsu ba, suna kwana a ƙananan ɗakuna marasa taga, suna aika kuɗi gida. Ɗan Mayahin da ya taɓa cin rani a Kano ko Agadas ko Libiya zai gane su tun kafin a yi masa bayani.

Haka nan girma ba ya hana ƙaddara. Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya cikin Janairu 2012, mutum 32 suka mutu. A Fabrairu 2020 aka tsare Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum wajen 3700 a ciki, fiye da 700 suka kamu da cutar korona. A nan Afirka ta Yamma, jirgin Joola na Senegal ya kife ranar 26 ga Satumba 2002, hukuma ta ƙidaya mamata 1863, wato sun fi na Titanic, amma finafinan da aka yi a kansa ba su kai ko kusa da na Titanic ba.

Abu mafi nauyi shi ne wannan. Tekun Bahar Rum da fararen jirage ke kewayawa da masu hutu, shi ne tekun da matasan Afirka ke ƙoƙarin ƙetarewa a jiragen roba. Ranar 3 ga Oktoba 2013 mutum fiye da 360 suka nutse kusa da tsibirin Lampedusa. A cikin wannan wata ne kuma aka tsinci gawarwakin mutum 92, galibinsu mata da yara ƴan Nijar, a hamadar arewa kan hanyar Aljeriya. Su ko gaɓar ba su kai ba. Matashin da ke kallon fitilun jirgi a akwati ya tuna cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Benen sama yana bukatar fasfo da biza da kuɗin da aka tara domin hutu. Wanda ya tafi ba da su ba, ba wannan jirgin zai shiga ba.

AIKIN DA KE JIRA

Ba a cewa a daina kallo. Fim ɗin bayani makaranta ce: yana nuna yadda ake ƙera abu, da yadda ake tafiyar da jama'a mai yawa cikin tsari, da girman halittar Ubangiji. Malamin makaranta zai iya amfani da shi ya koyar da labarin ƙasa fiye da yadda allo zai iya. Abin da ake bukata shi ne a yi kallo da tambaya a baki, kuma a samar da nasu labarin mutanen tudu a ajiye kusa da na waɗansu.

An taɓa yin haka. Umaru Ganda, ɗan Yamai, ya je yaƙin Indoshin yana saurayi, ya dawo ya yi lebura a tashar jiragen ruwa ta Abijan. A can Jean Rouch ya same shi ya sa shi a fim ɗin Moi, un Noir na 1958. Daga baya shi da kansa ya ɗauki kyamara ya yi Cabascabo, labarin tsohon soja da ya dawo gida, wanda aka nuna a bikin finafinai na Cannes a 1969. Ya rasu a 1981, amma ya nuna cewa wanda ya zauna a hawa na ƙasa shi ya fi iya ba da labarinsa.

Lokaci kuwa ba ya jira. Wanda aka kai Indoshin yana ɗan shekara 20 a 1952 ya haura 90 in yana raye. Alhazan da suka ƙetare daga Sawakin sun zama ƴan ƙalilan. A gidaje da dama na Urafan da Korgom da Sarkin Hausa da Isawan, mai yiwuwa akwai tsohuwar akwatin ƙarfe da littafin soja a ciki, ko takardar allurar Sawakin, ko hoton da ya dushe, jikoki ba su san darajarsu ba. Ɗaukar muryar dattijo a yau ba ya bukatar komai sai wayar hannu da ladabi da haƙurin saurare. Gidajen rediyon karkara za su iya ware lokaci domin wannan. Malamai za su iya aika ɗalibai su tambayi kakanninsu. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da cibiyoyin adana tarihin baka na Yamai irin su IRSH da CELHTO, sun san yadda ake tattara irin wannan dukiya a ajiye. Daga nan sai Télé Sahel ta mai da ita fim da Hausa, a nuna a dandalin da ake kallon jiragen waɗansu.

Ranar da aka yi haka, yaron da ke zaune gaban akwati a Maijirgi zai ga farin jirgi ya yaba, sannan ya ga kakansa yana bayanin kwandon Kwatano ko daren Bahar Maliya, ya san cewa gidansu ma an san teku, an kuma san abin da ya ci. Waiwaye adon tafiya ne. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya riƙe, ya ba na raye ikon tambaya tun masu amsa suna nan.